BABI NA BIYU: TARIHIN YAƊUWAR WAƘOƘIN ROK DA SOL A TSAKANIN MASU SAURARO

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin manufar wannan aiki da muhallinsa. A wannan babi kuwa za a yi waiwaye ne, domin masu hikima sun ce waiwaye adon tafiya. Za a duba yadda waƙoƙin rok da na sol, waɗanda suka tsiro a ƙasar Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka riƙa tafiya daga hannu zuwa hannu har suka zama abin da a yau ake kira tsohuwar zuma. Abin da babin yake son ya tabbatar shi ne, masu sauraro su ne suka raya waɗannan waƙoƙi ta hanyar aron faifai da musayarsa da mahawara a kansa, amma kuma ladar wannan farin jini sau da yawa ba ta kai ga waɗanda suka yi wahalar ƙirƙirar waƙoƙin ba. An taƙaita nazarin ga Amurka da Ingila, daga shekarar 1948 zuwa ƙarshen shekarun 1980.

2.1 Ma'ana da Tushe

Kafin a shiga cikin tarihin, ya dace a fayyace kalmomin nan guda biyu. Kiɗan sol kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka wanda ya samu daga auren waƙoƙin coci da kiɗan buluz. Daga coci ya gaji tsarin jagora da 'yan amshi da tafi da ɗaga murya, daga buluz kuwa ya gaji zancen soyayya da kukan zaman duniya. Galibin manazarta suna kafa misali da Ray Charles, wanda a shekarar 1954 ya ɗauki karin wata waƙar coci ya ɗora masa baitocin soyayya a waƙarsa mai suna "I Got a Woman", da kuma Sam Cooke, wanda ya bar ƙungiyar mawaƙan coci ta Soul Stirrers ya fitar da "You Send Me" a 1957.

Shi kuwa kiɗan rok, jita mai amfani da lantarki da ganguna su ne ginshiƙinsa. Ya samu ne daga cuɗanyar buluz da kiɗan Turawan karkara na kudancin Amurka. Ke nan idan aka bi salsala za a tarar rok da sol 'yan ɗaki ɗaya ne. Kasuwa ce ta raba su daga baya, ta jingina ɗaya ga farar fata, ɗaya ga baƙar fata. Rayuwar Jimi Hendrix ta isa hujja a nan. Kafin ya tafi Landan a 1966 ya zama gwarzon makaɗan jita na rok, sai da ya yi shekaru yana yi wa Little Richard da Isley Brothers kiɗa.

Wajibi ne kuma a tuna da yanayin da ake ciki a wancan lokaci. A jihohin kudancin Amurka doka ta raba makarantu da gidajen cin abinci da wuraren rawa bisa launin fata. Sai a 1954 kotun ƙoli ta haramta wariya a makarantun gwamnati, sai kuma a 1964 aka yi dokar da ta haramta ta a wuraren taruwar jama'a. Hatta faifan baƙar fata suna da nasu jerin daban, wanda ake kira da sunan launin fata, har zuwa 1949 lokacin da mujallar Billboard ta sauya wa jerin suna.

2.2 Faifai da Rediyo

Abubuwa biyu ne suka sauƙaƙa wa waƙa tafiya. Na farko shi ne sabon faifai. Tsohon faifan garmaho mai juyi 78 a minti ɗaya yana da nauyi, ga saurin fashewa. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai ɗaukar waƙoƙi da yawa, sannan a 1949 kamfanin RCA ya fito da ƙarami mai juyi 45, wanda faɗinsa inci 7 ne, yana ɗaukar waƙa ɗaya a kowane gefe. Wannan ƙaramin faifai kuɗinsa bai kai dala 1 ba, ba ya fashewa da wuri, kuma ana iya aika shi ta gidan waya. Saboda haka yaro ɗan makaranta yana iya sayensa da kuɗin kashewarsa, ya sa a jaka, ya kai gidan abokinsa.

Na biyu shi ne rediyo. A birnin Memfis, tashar WDIA ta ɗauki wani malamin makaranta baƙar fata mai suna Nat D. Williams a 1948 domin ya riƙa gabatar da shiri. Da masu tashar suka ga yadda jama'a suka karɓi shirin, sai a 1949 suka mayar da dukkan shirye-shiryensu domin baƙar fata. A nan B.B. King da Rufus Thomas suka yi aikin saka faifai. A birnin Nashville kuma, tashar WLAC takan saka faifan baƙar fata da daddare, kuma saboda ƙarfin na'urarta ana kama ta a jihohi da dama har da tsibiran Karibiyan. Masu ɗaukar nauyin waɗannan shirye-shirye masu kantunan faifai ne, irin su kantin Randy da ke garin Gallatin. Mai sauraro yakan ji waƙa da dare, da safe ya rubuta wasiƙa da kuɗi a ciki, a aiko masa da faifan.

Muhimmancin wannan shi ne, doka tana iya hana baƙi da fari zama a ɗakin rawa ɗaya, amma ba ta da ikon tare iska. Musamman bayan 1954, da aka fara sayar da ƙaramin akwatin rediyo mai batir, matasan Turawa sun sami damar sauraron abin da iyayensu suke ƙyama, su kaɗai a ɗakunansu, washegari su tattauna da tsararrakinsu. A birnin Cleveland wani mai kantin faifai, Leo Mintz, shi ne ya ja hankalin Alan Freed ga wannan kiɗa, har Freed ya fara shirinsa a 1951, ya kuma yayata sunan da ake kiran kiɗan da shi har yau. Taron rawar da suka shirya ranar 21 ga Maris, 1952, sai da hukuma ta tsayar da shi tun daga farko saboda jama'a sun fi ƙarfin wurin.

Akwai wani labari da yake nuna zurfin matsalar launin fata. A watan Yuli na 1954 Elvis Presley ya rera "That's All Right" a ɗakin ɗaukar murya na Sun a Memfis. Waƙar ta Arthur Crudup ce, wani baƙar fata da ya yi ta tun 1946. Da mai gabatar da shiri Dewey Phillips ya saka ta, masu sauraro suka yi ta bugo waya suna neman a maimaita. Da ya gayyato Elvis domin hira, sai ya tambaye shi makarantar sakandaren da ya yi. Amsar ita ce ta sanar da jama'a cewa mawaƙin farar fata ne, tunda kowa a garin ya san makarantar ta Turawa ce zalla.

2.3 Kantin Satellite da Taron Juma'a

Idan ana neman misalin da ya fi kowane nuna tasirin masu sauraro a kan waƙar sol, to sai a dubi kamfanin Stax. Wani ma'aikacin banki, Jim Stewart, shi ya kafa shi a 1957 da sunan Satellite. Yayarsa Estelle Axton ta jinginar da gidanta ta shigo da jari. A 1960 suka koma wani tsohon gidan silima a kan titin McLemore, a wata unguwar Memfis da baƙar fata suke ta ƙaruwa a cikinta. A 1961 suka haɗa farkon sunayensu biyu suka sami sunan Stax.

Ɗakin kallon suka mayar wurin ɗaukar murya, wurin sayar da kayan ƙwalam da ke bakin ƙofa kuwa Estelle Axton ta mayar da shi kantin faifai, ta kafa lasifika a waje. Nan da nan wurin ya zama majalisar matasan unguwa. Sukan zo su saurari sababbin faifai ko da ba su da kuɗin saye, su yi rawa, su yi gardama a kan wace waƙa ce ta fi wata. Ita kuma takan lura da abin da suke so. Idan an ɗauki sabuwar waƙa a ciki, takan saka ta a kanti tun kafin a buga ta, ta ga ko ƙafafun yara za su motsa. Haka kuma takan zaunar da marubuta waƙoƙin kamfanin ta saka musu faifan da suka yi kasuwa, su tattauna dalilin karɓuwarsu.

Daga cikin masu zuwa wannan kanti aka sami ma'aikatan kamfanin. Booker T. Jones yana ɗan makaranta ya fara zuwa, David Porter kuwa a wani kantin kayan masarufi da ke tsallaken titi yake aiki, shi kuma Steve Cropper ya taɓa tsaron kantin faifan. Ƙungiyar makaɗan kamfanin, wato Booker T. and the M.G.'s, wadda ta yi "Green Onions" a 1962, ta ƙunshi baƙi da fari a garin da ba za su iya cin abinci a teburi ɗaya ba.

A arewacin ƙasar kuwa, a birnin Detroit, Berry Gordy ya kafa kamfanin da ya zama Motown a 1959 da rancen dala 800 daga asusun danginsa. Da yake ya taɓa aiki a masana'antar haɗa motoci, sai ya ɗauko tsarin tantance kaya. Kowace Juma'a akan yi taro a saurari sababbin waƙoƙi, a yi mahawara, a jefa ƙuri'a. Akan kuma gwada waƙa a ƙaramar lasifika irin ta mota, domin a nan ne yawancin mutane za su fara jin ta. Za a ga cewa duk da bambancin salon kamfanonin biyu, dukkansu sun gina aikinsu ne a kan kunnen mai sauraro.

2.4 Tsallaka Teku

A Ingila samun waɗannan faifai abu ne mai wuya a shekarun 1950 da farkon 1960. Gidan rediyon BBC ba ya ba su lokaci sosai, don haka matasa sukan kama tashar Luxembourg da dare, daga 1964 kuma suka koma ga tashoshin da suke watsa shiri daga jiragen ruwa a kan teku, irin su Caroline, har zuwa 1967 da gwamnati ta yi dokar hana su. Wannan ƙaranci ya sa duk wanda ya mallaki faifan Amurka ya zama abin nema.

Ranar 17 ga Oktoba, 1961, a tashar jirgin ƙasa ta Dartford, wani saurayi mai suna Keith Richards ya hangi tsohon abokin karatunsa na firamare, Mick Jagger, riƙe da faifai biyu, ɗaya na Chuck Berry, ɗaya na Muddy Waters. Jagger ya yi odarsu ne ta gidan waya daga kamfanin Chess na Shikago. Hirar da suka yi a kan faifan nan a cikin jirgi ita ce mafarin ƙungiyar Rolling Stones, wadda ko sunanta ma daga wata waƙar Muddy Waters aka samo shi. Haka nan ƙungiyar Beatles ta saka waƙoƙin Motown guda 3 a babban faifanta na biyu a 1963.

Abin mamaki a nan shi ne, sai da waɗannan samari na Ingila suka je Amurka daga 1964 sannan Turawan Amurka da dama suka san darajar abin da yake a ƙofar gidansu. A 1965 Rolling Stones suka dage sai an gayyato Howlin' Wolf cikin wani shirin talabijin da za su fito. Su ma Beatles a 1964 sun ƙi yarda su yi wasa a Jacksonville ta jihar Florida matuƙar za a raba 'yan kallo bisa launin fata.

Aron bai tsaya a ɓangare ɗaya ba. Otis Redding ya rera "Satisfaction" ta Rolling Stones a 1965, Wilson Pickett ya rera "Hey Jude" ta Beatles a 1968, kuma wani Bature, Duane Allman, shi ya kaɗa masa jita. Ita ma Aretha Franklin ta ɗauki "Respect" ta Otis Redding a 1967 ta sauya mata fuska, har ta zama taken masu neman 'yancin mata da na baƙar fata. Wannan guguwa ta iso Afirka ta Yamma: James Brown ya yi wasa a Legas a 1970, kuma ranar 6 ga Maris, 1971, aka yi babban taron kiɗa a birnin Akra inda Wilson Pickett da Santana da Ike da Tina Turner suka hau dandamali ɗaya.

2.5 Masu Farautar Tsofaffin Faifai

Wani sabon babi ya buɗe a arewacin Ingila a ƙarshen shekarun 1960. Matasa ma'aikatan masana'antu sukan taru a ƙarshen mako su kwana suna rawa, da farko a gidan Twisted Wheel na Mancesta, daga baya kuma a Wigan Casino daga 1973 zuwa 1981. Abin da ya bambanta su shi ne, ba sa neman sabuwar waƙa. Sun fi son waƙoƙin sol masu saurin kiɗa na tsakiyar shekarun 1960, musamman waɗanda ba su yi kasuwa ba a Amurka. Wani marubuci mai kantin faifai a Landan, Dave Godin, shi ya raɗa wa harkar sunan sol ɗin arewa.

Masu saka faifai sukan tafi Amurka su shiga ɗakunan ajiya suna tonon faifan da aka jibge. Wanda ya yi dace da wata waƙa yakan liƙe sunanta na gaskiya da takarda ya rubuta na ƙarya, don kada abokan hamayya su gano ta. Su kuma masu rawa sukan zo da akwatunan faifai su yi ciniki da musaya da musu har gari ya waye. Ta wannan hanya "Tainted Love" ta Gloria Jones, wadda ta fito a 1965 ba wanda ya kula ta, ta sami sabon rai, har ƙungiyar Soft Cell ta sake rera ta ta zama ta ɗaya a Ingila a 1981. Ita kuwa "Do I Love You" ta Frank Wilson, wadda Motown ta buga a 1965 sannan ta fasa fitarwa, an sayar da kwafi ɗaya nata a 2009 a kan kuɗin da ya haura fam 25,000.

Zuwan kaset ya ƙara faɗaɗa musayar. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, Sony kuma ya fito da Walkman a 1979. Daga nan mutum yana iya zaɓo waƙoƙin da yake so ya jera su a kaset ɗaya ya ba aboki ko budurwa. Kamfanonin faifai na Ingila sun yi gangamin yaƙi da wannan ɗabi'a a 1981 suna cewa za ta kashe sana'ar, amma tsofaffin waƙoƙin ƙara daraja suka yi. A shekarun 1980 aka sami tashoshin rediyo a Amurka da ba sa saka komai sai tsohon rok, kuma "Stand by Me" ta Ben E. King, wadda ta fito a 1961, ta zama ta ɗaya a Ingila a 1987 bayan an yi tallar wando da ita.

2.6 Wa Ya Ci Moriyar?

Hausawa suna cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan karin magana ya dace da halin da mawaƙa da dama suka sami kansu. A shekarun 1950 manyan kamfanoni sukan jira waƙar baƙar fata ta fara tashe, sai su sa Bature ya sake rera ta. Little Richard ya yi "Tutti Frutti" a 1955, amma wadda Pat Boone ya rera a 1956 ta fi tasa hawa a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa. Big Mama Thornton ce ta fara rera "Hound Dog", aka fitar a 1953, kuma ita da bakinta ta ce dala 500 kawai ta samu, alhali wadda Elvis ya yi a 1956 an sayar da miliyoyi. Arthur Crudup ya rasu a 1974 yana bin haƙƙinsa. Willie Dixon sai da ya kai ƙungiyar Led Zeppelin kotu a 1985 a kan "Whole Lotta Love" ta 1969, aka sasanta a waje, aka sanya sunansa cikin marubutanta.

Shi ma kamfanin Stax bai tsira ba. Ranar 10 ga Disamba, 1967, Otis Redding ya rasu a haɗarin jirgin sama a jihar Wisconsin yana da shekara 26. Ranar 4 ga Afrilu, 1968, aka harbe Martin Luther King a masaukin Lorraine na Memfis, wurin da makaɗan Stax, baƙi da fari, suka saba haɗuwa. A wannan shekara kuma, bayan an sayar da kamfanin Atlantic mai rarraba musu faifai, sai Jim Stewart ya gano cewa yarjejeniyar da ya sa wa hannu a 1965 ta mallaka wa Atlantic dukkan waƙoƙin da ta rarraba. Kamfanin ya sake farfaɗowa a ƙarƙashin Al Bell, amma ya karye a 1975, aka rushe ginin a 1989. A 2003 ne aka buɗe gidan tarihi a filin.

Gyara ya zo, sai dai a makare. Fafutukar mawaƙiya Ruth Brown ta sa Atlantic ya sake lissafin kuɗin tsofaffin mawaƙansa a 1988, ya kuma ba da gudunmawar kafa gidauniyar tallafa musu. A 2018 ne majalisar dokokin Amurka ta shigar da waƙoƙin da aka ɗauka kafin 1972 cikin kariyar dokar tarayya, lokacin da yawancin masu su sun riga mu gidan gaskiya.

2.7 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda ƙaramin faifai da rediyo suka ba waƙoƙin rok da sol damar ƙetare katangar launin fata tun kafin doka ta rushe ta. An kawo misalin kantin Satellite da tashar Dartford da gidajen rawa na arewacin Ingila, domin a nuna cewa hirar masu sauraro da musayarsu su ne suka zaɓi waƙoƙin da suka wanzu, har ma suka tono waɗanda kasuwa ta binne. An kuma nuna cewa yaɗuwar waƙa daban, haƙƙin mai ita daban. A babi na gaba za a ɗora a kan wannan tarihi, a nazarci jigogi da salon wasu zaɓaɓɓun waƙoƙin Stax da Motown.